Lafiyar Gida: Ruwan da ya kwana bakwai

  

A wannan wata zancenmu a kan sauro ne. Kowa ya san kukansa a kunne, kowa ya san cizonsa. Amma in ka tambayi mutane daga ina sauro ke fitowa, mafi yawa za su ce maka daga ciyawa. Wasu su ce daga hatsin da aka shuka bayan ɗaki. Wasu su ce iskar hadari ke kawo shi. Dalilinsu shi ne, lokacin da ciyawa ta tashi, lokacin ne sauro ke yawa. Gaskiya ne sauro na ɓuya cikin ciyawa da rana, don ba ya son zafi da iska. Amma ciyawa masauki ce kawai. Wurin haihuwarsa ruwa ne, ruwan da ke kwance ba ya gudu. Babu sauro ko ɗaya da bai fara rayuwarsa cikin ruwa ba.

Ga yadda abin yake. Namijin sauro ba ya cizo, ruwan fure yake sha. Mace ce ke cizo, don sai ta sha jini ƙwan cikinta ke nuna. In ta sha jini, sai ta huta kwana 2 ko 3 a jikin bango, ko ƙarƙashin gado, ko cikin tufafin da aka rataya. Daga nan ta nemi ruwa ta zuba ƙwai. Zubi ɗaya yakan kai ƙwai 50 zuwa 200. Bayan kwana 2 ko 3 ƙwan ya fashe, ƴan tsutsotsi su fito. Kun sha ganinsu cikin tsohuwar randa, suna wutsil-wutsil, in ka kai hannu su nutse ƙasa. Tsutsar nan tana ci tana girma, har ta dunƙule ta zama kamar waƙafi, wannan alama da muke sawa cikin rubutu. Bayan kamar kwana 2, bayanta ya tsage, sauro ya fito, ya shanya fikafikansa bisa ruwa, ya tashi. Tun daga ƙwai har tashi, a zafi irin na ƙasarmu, kwana 7 ne zuwa 10. In da sanyi abin ya fi daɗewa.

Wanda ke shakka ya gwada da kansa. Mun yi haka a ajinmu na yaƙi da jahilci, kuma babu abin da ya kashe gardama kamarsa. Ka samu farar kwalba. Ka ɗebo ruwa mai tsutsotsin nan, ka zuba rabin kwalba. Ka ɗaure bakinta da ƙyalle mai shara-shara, ka ajiye a inuwa. Kowace safiya ka duba, ka ja layi ɗaya a takarda. Ba za ka ja layi da yawa ba, za ka ga sauro tsaye cikin kwalba, alhali ba ta da ƙofar da ya shiga. Wani dattijo cikin ɗalibanmu ya ce a ba shi kwalbar ya kai gida, don matansa ba za su yarda da bakinsa ba sai sun gani.

To, a nan dabarar take. Tun da sauro na bukatar mako guda cikin ruwa, duk ruwan da aka zubar ko aka sake kafin ya kwana bakwai, ba zai haifi sauro ba. Ba a ce kullum ka yi ta wahala ba. Rana ɗaya cikin mako ta isa, in dai ba a tsallake ta. Ka zaɓi ranar da ba ka mantawa, ko Juma'a da safe, ko ranar kasuwar garinku. A ranar nan ka zagaya gidanka, tun daga zaure har bayan ɗaki, kana neman ruwan da ke kwance.

Kafin mu shiga zagayen, ya kamata mu san sauro ba iri ɗaya ba ne. Waɗanda suka dame mu iri uku ne, kuma kowane da ruwan da yake so.

Akwai mai yawan kuka, wanda ke hana barci. Shi ƙazamin ruwa yake so: gologo, da ramin salga mai ruwa, da ruwan wanki da ke kwance bayan katanga. In ya sauka, jikinsa a kwance yake daidai da bango. Yana da ban haushi, amma ba shi ke kawo zazzaɓin da ke kashe mana yara ba.

Akwai baƙi mai ɗigon fari a ƙafa da jiki. Shi da rana yake cizo, da hantsi da kuma la'asar. Ruwan cikin kaya yake so: gwangwani, da tsohuwar taya, da fasasshen tulu, da tanon da ba a rufe ba. Shi ke ɗaukar cutar shawara mai kisa, wadda ake yi wa jarirai allurar rigakafinta, da wani zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi da ake kira dengi. Dengi ta yi ɓarna sosai a Burkina Faso a 2023. Wannan sauro yana da wayo guda. Ba ya zuba ƙwai bisa ruwa, a jikin tukunya yake manna shi, sama kaɗan da bakin ruwa. Ƙwan na iya bushewa ya yi watanni bai mutu ba, ran da ruwa ya taɓa shi ya fashe. Saboda haka zubar da ruwa kaɗai bai isa ba, sai an goge cikin tukunya da soso.

Na uku shi ne babban abokin gaba. Likitoci na kiransa anofel. In ya sauka, kansa ƙasa, gindinsa sama, kamar an soka tsinke a karkace. Tsutsarsa ma daban take: tana kwanciya miƙe a fuskar ruwa, ta sauran kuwa tana rataye kai ƙasa. Ba shi da yawan kuka. Da dare yake zuwa, tun bayan magariba har asuba, ya fi ƙarfi lokacin da barci ya yi nauyi. Shi ke kawo masassara, wato zazzaɓin cizon sauro. Shi kuma ruwan sama yake so, marar zurfi, wanda rana ke dukansa: ramin da aka haƙi ƙasar yaɓe, da sawun amalanke, da ɗan kwarin da ke tsakar gida, da taɓon bakin rijiya. Har sawun kofaton saniya ya ishe shi, in ruwa ya zauna ciki mako guda. Irin wannan ƙaramin ruwa ya fi babban tabki haɗari, don ba kifin da zai ci tsutsa, ga shi da ɗumi, tsutsa na saurin girma.

Yanzu mu zagaya gida. Mu fara daga wurin randa. Randar sha ta zauna da marufi, ko faifai ko ƙyalle mai tsabta da aka ɗaure. Haka tano da bido da duk abin da ake tara ruwa. Sau ɗaya a mako a juye, a goge, a sake cikawa. Na san a garuruwa da yawa ruwa tsada gare shi, mata na shan wuya kafin su jawo shi. Ba a ce a yi asararsa ba. A tace shi da ƙyalle, a yi wanki da shi, ko a ba itace. Abin da ya rage a ƙyalle a zazzage bisa busasshen rairayi cikin rana, nan take tsutsa za ta mutu. Kada dai a zuba a rariya, don ka sauya mata gida ne kawai.

Kaskon kaji da na tantabaru, a wanke a sake ruwa. Komin da awaki ke sha, haka. Turmi, in an gama daka, a kife shi. Sakaina, da gwangwanin tumatir, da fasasshiyar ƙwarya, da tsohon takalmin roba, da leda da ta maƙale a darni ta riƙe ruwa, a tattara a binne. Wannan aikin yara ne, kuma sun fi mu ido. Tsohuwar taya ita ce mafi wuya, don duk yadda ka juya ta sai ruwa ya rage ciki. A huda ta, ko a cika ta da ƙasa, ko a sa ta ƙarƙashin rumfa. Masu ɗora taya bisa rufin kwano don iska, su hau su duba. Masu soro kuma su duba indararo, in ya toshe ruwa na kwana bisa kanku ba ku sani ba.

Sai ƙasa. Bayan an yi ruwa da kwana 2, ka tsaya tsakar gida ka ga inda ruwa bai shanye ba. Ka sa alama. Ka kawo ƙasa ka cike, ko ka ja ƴar hanya da hauya ruwan ya fita. Ka duba turken dabbobi, inda suka tattake ƙasa ta yi ramu-ramu, ka zuba rairayi ka baje. Ramin da ka haƙa bara don yaɓen rumbu, ka ce gobe za ka cike, yau ce goben.

Ruwan makewayi kuwa, maimakon ya fita ta rariya ya kwanta a hanya, ana haƙa masa rami mai zurfin kamar mita 1. A cika shi da duwatsu, manya a ƙasa, ƙanana a sama, a rufe bakinsa. Ruwa zai riƙa shiga yana shanyewa a ɓoye, sauro bai ganinsa. A ƙasar jigawa wannan na aiki ƙwarai. A ƙasar laka ruwa ba ya saurin shanyewa, sai a faɗaɗa ramin. Bakin salga kuma a yi masa marufi, ko na katako ne.

Game da hatsi da kuɓewa da ake shukawa cikin gida, ni ban ce kowa ya sare abincinsa ba. Ciyawar banza da ke jikin ɗaki dai a nome ta, don ta rage wa sauro maɓoya, ta kuma rage maciji. Amma wanda ya nome gidansa fes ya bar rami ɗaya da ruwa, bai taɓa sauro ba.

Sai dai akwai wata magana da ya kamata a faɗa. Gyaran gida zai rage mai kuka da mai ɗigon fari sosai, don su ƴan gida ne. Sauron masassara kuwa, da yawansa daga waje yake zuwa. Yana iya tafiyar kilomita 1 ko 2 neman jini. In gidanka ya bushe, kududdufin bayan gari na nan. Mutanen bakin Gulbin Maraɗi, da na Korama, da na Majiya, da masu zama kusa da gonakin shinkafa na bakin kogi, sun san haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙananan ramukan unguwa, da na masu buga tubali, da taɓon bakin rijiya da famfo, aikin gayya ne. Maigari ya sa rana, samari su fito da amalanke da shebur. Masu buga tubali kuma a roƙe su su riƙa haƙa wuri ɗaya nesa da gari, su bar tona nan da can.

Ramin da ya fi ƙarfin cikewa fa? A nan bedi, wato dogon yaro, na da amfani. A damanar 2007 masu bincike sun gwada a Banizumbu, wani ƙauye gabas da Yamai. An shanya ƴaƴan bedi, an daka, ana barbaɗa garin bisa ruwan da ke kwance sau 2 a mako. Da aka ƙidaya, sauron masassara ya ragu da kusan rabi. Rabi ba duka ba ne, amma bedi ba a sayensa, yana nan ƙofar gidan kowa. Wanda zai yi, ya tara ƴaƴan tun lokacin da suke zuba, kuma kada ya sa a ruwan da mutane ke sha. Baƙin man mota da wasu ke zubawa a kududdufi, ku bar shi. Yana kashe tsutsa, amma yana ɓata ƙasa, kuma dabbobinmu a nan suke sha.

Tun da ba za mu iya busar da duniya ba, sai sange. Sangen da ake rabawa yana da magani a zarensa, yana kare mai barci, yana kuma kashe sauron da ya sauka a kansa. Sabo, a baza shi a inuwa yini da kwana kafin a shiga. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa ta kowane gefe. In ya yage a ɗinke ran nan, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanki da sabulu na gari kawai, a hankali, kuma a shanya a inuwa, rana na cinye maganin. Kada a yawaita wankinsa. An yi shi ne ya jure wanki kamar 20, ya yi shekara 3. Masu kwana a waje saboda zafi, sanda huɗu sun isa a ɗaure shi. Makiyayi a ruga da mai kwana a gona lokacin girbi ma haka, sange bai fi bargo nauyi ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga sabon sange an kewaye tumatir da shi, ko an rufe ƴan tsaki, yara kuwa na kwana a fili. Wanda ya tsufa ya mutu, a yi shinge da shi, ba laifi. Sabo kuwa na mutane ne. In sange bai ishi gida ba, mace mai ciki da ƙananan yara su ne farko, maigida ya bi baya.

Hayaƙin ganye da igiyar leko suna korar sauro na ɗan lokaci. Anofel kuwa da tsakar dare yake fara aiki sosai. Fiya-fiya da ake sayarwa cikin ƙananan kwalabe guba ce mai ƙarfi. Kada a yayyafa ta a ɗakin da mutane ke ciki, kada ta kusanci abinci, kada a ajiye inda hannun yaro ke kaiwa. Abin da ya fi su duka araha shi ne rufe ƙofa da taga tun kafin magariba, da toshe tsakanin bango da rufi da laka, don ta nan sauron masassara ya fi shiga ɗaki.

Me ya sa muke wannan dogon zance? Sauron masassara ba a haifarsa da cuta. Sai ya ciji mai ciwo ya ɗauko ƙwayar. Ƙwayar ta yi kwana 10 zuwa 14 cikin cikinsa tana girma. Sa'an nan ya ciji mai lafiya ya zuba masa. Shi kuma sai bayan kamar kwana 10 ko 15 jikinsa ya yi zafi. Ku haɗa lissafin: mako guda cikin ruwa, mako 2 cikin sauro, mako 2 cikin mutum. Ruwan watan bakwai shi ke zama zazzaɓin watan takwas da na tara. Lokacin kuwa tumu ya nuna, nono ya yawaita. Shi ya sa ake ɗora wa tumu da sabon nono laifi, alhali tare suka iso kawai. Wani likita Bafaranshe mai suna Laberan ne ya fara ganin ƙwayar cikin jinin mutum, a Aljeriya, a 1880. A 1897 wani likita Baturen Ingila mai suna Ros ya same ta cikin cikin sauro, a Indiya.

Hukumar lafiya ta duniya, wadda ake kira OMS, ta ce a 2023 masassara ta kashe mutum kusan 600.000 a duniya. Cikin kowane 100 da suka mutu, kusan 6 ƴan Nijar ne. Mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Babba kuma, ko bai mutu ba, ciwon na kwantar da shi daidai lokacin maimai ko girbi, ranar da ba a samun mai aron hannu.

Makiyaya, ku ma da naku rabon. Sauro na ɗaukar wata cuta tsakanin dabbobi, wadda ke sa tumaki da awaki da shanu da raƙuma ɓari, ta kashe ƙanana. A 2016 ta ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara, ta kashe dabbobi, ta kashe mutum fiye da 30. Mutum ya fi kamuwa ta wurin taɓa jini ko ɓarin dabba marar lafiya, ko shan ɗanyen nononta. In kun ga ɓari ya yi yawa cikin garke bayan damana mai ruwa, kada ku taɓa da hannu tsirara, ku sanar da likitan dabbobi.

In duk da haka jikin yaro ya yi zafi, kada a kwana biyu ana jira. A kai shi likita a ranar, ko washegari da safe. Ana ɗan tsaga yatsa a ɗiga jini, cikin minti 15 ko 20 an san ko masassara ce. In ita ce, maganin na kwana 3 ne, a shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa. Kada a raba shi da ɗan maƙwabci. Nibakin da iyayenmu suka sani ta daina aiki a kan wannan cuta, Nijar ta sauya magani tun 2005. Yaron da ya fara fizge-fizge, ko ya kasa shan mama, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, kada a ce iska ce ta taɓa shi a zauna gida. A ɗauke shi ko da tsakar dare ne.

Tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafi na damana a ƙasarmu, ga yara daga wata 3 har su kusa cika shekara 5. Masu rabo na zuwa sau ɗaya a wata, daga watan bakwai zuwa na goma. Su ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana 2. Na kwana 2 ɗin nan ne ake yawan mantawa a ƙasan tabarma. Wanda ya iya karatu cikin gida, shi ya riƙe katin, ya riƙa sa alama. Mata masu ciki kuma suna samun nasu maganin a wurin awon ciki. A 2024 an fara yi wa jarirai allurar rigakafin masassara a Gaya, cikin jihar Doso. Ku tambayi likitanku ko ta iso wajenku. Yaron da aka yi wa allura ma cikin sange zai kwana, don allurar tana rage ciwon ne, ba ta hana shi duka.

Wanda ya yi gwajin kwalba, ya rubuto mana da hannunsa. Ya faɗi sunan garinsa, da wurin da ya ɗebo ruwan, da kwana nawa sauro ya yi kafin ya fito, da kuma irin zaman da ya yi a jikin kwalba, a kwance ko gindi sama. Ya ba malamin ajinsu takardar ya aiko. Za mu buga amsoshin a wannan fili.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.